Kalila da Dimna: Tarihin Littafin Ƙasar Hindu Da Ya Ratsa Duniya

Cikin littattafan da aka rubuta a ƙasar Hindu, watau Indiya, babu wanda ya yi tafiya mai nisa kamar wani ɗan littafi na labarun dabbobi. Ya fita daga ƙasarsu tun shekara wajen dubu da ɗari huɗu da hamsin da suka wuce, ya shiga Farisa, ya sauka Basra da Bagadaza, ya ƙetare teku zuwa Turai, har ƙurarsa ta iso ƙasar Hausa. Mutanen Hindu suna kiransa Pancatantara, Larabawa kuwa suna ce da shi Kalila wa Dimna. Muna so mu ba ku tarihinsa, ku 'yan makaranta, don ku ga yadda aka yi shi, da hannuwan da ya bi, da kuma wata gardama da ta taso a kansa wadda ta shafi kowane mutum da zai zauna kusa da mai iko.

Masana ba su haɗu a kan shekarar da aka wallafa shi ba, amma mafi yawansu sun ajiye shi tsakanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa da shekara ta 300 bayanta. An rubuta shi da Sansikirit, harshen malamai da littattafan ibada na Hindu. Gabatarwar littafin ta ce a wani birni na kudancin ƙasar, Mahilaropiya, an yi wani sarki wai shi Amarashakti, yana da 'ya'ya uku maza waɗanda ba su son karatu ko kaɗan. Abin ya dami sarki, gama ya san ran da ya rufe ido ƙasa za ta faɗa hannun jahilai. Ya tara mashawartansa, wani ya ce ai nahawu kaɗai sai an shekara goma sha biyu ana koyonsa, balle sauran fannoni. Wani kuwa ya ce akwai wani tsohon malami, Bishnu Sharma, a kira shi. Da tsohon ya zo, sarki ya yi masa alkawarin filaye ɗari. Shi kuwa ya ce shekarunsa tamanin, dukiya ba ta da sauran amfani gare shi, ba ya kuwa sayar da ilmi, amma a ba shi wata shida kawai. Ya ɗebi yaran ya tafi da su gida. Maimakon ya aza musu haddar ƙa'idodi, sai ya riƙa ba su labarun zaki da dila da hankaka, yana cusa dabarun mulki a ciki, yadda uwa take ɓoye magani cikin fura. Kafin wata shida su cika, in ji gabatarwar, yara sun zama abin da ubansu yake so.

Ma'anar sunan littafin ita ce babi biyar. Na farko yana magana kan raba abokai, na biyu kan samun abokai, na uku kan yaƙin hankaki da mujiyoyi, na huɗu kan hasarar abin da aka riga aka samu, na biyar kan aikin gaggawa. Tsarinsa kuwa zube ne gauraye da waƙa. Ana ba da labari da zube, in aka zo wurin darasi sai a kawo baiti, domin baiti ya fi zama a ka, almajiran Hindu kuwa da hadda suke karatu. Har wa yau akwai wata dabara: dabba tana cikin magana sai ta ce abin nan ya yi kama da abin da ya sami wane, a tambaye ta yaya aka yi, sai ta buɗe sabon labari, a cikin wannan kuma wani ya buɗe wani. Haka labari yake shiga cikin labari kamar ƙwarya cikin ƙwarya, mai sauraro ba ya samun wurin tashi.

Waɗansu labarun sun girmi littafin kansa. Mabiya Buda suna da tarin labaru 547 da suke kira Jataka, a cikinsu akwai na biri da kada, da na kunkurun da tsuntsaye biyu suka ɗauka da sanda. A wani wurin ibadarsu da ake kira Barhut an sassaƙa labarun Jataka a jikin dutse tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan Bishnu Sharma, ko ma wane ne ainihin mawallafin, ya tsinci tatsuniyoyin da ke bakin jama'a ne, ya zaɓa, ya shirya, ya sa su aikin koyar da mulki.

Kada ku ɗauka an raba wa dabbobin nan matsayi da ka. Wanda ya shirya littafin ya san daji. Dila yakan bi manyan namun daji a baya don ya ci saura, shi ya sa aka mai da shi bafade mai neman abinci a ƙofar sarki, mu ma a nan malamin daji muke ce masa. Hankaki da mujiya gabarsu ta gaskiya ce: in hankaki suka ga mujiya da rana sai su taru su yi ta fyaɗarta, manyan mujiyoyi kuwa sukan kama hankaki da dare a kan reshe. Tunku na ƙasar Hindu yana kashe gamsheƙa da zafin nama da kaurin gashi, a ƙarshen ƙarni na 20 kuma masana suka gano cewa wurin da dafin macijin yake kamawa a tsokar sauran dabbobi ya bambanta a jikin tunku, dafin ba ya kama shi sosai. Zakin nan da aka naɗa sarkin labari, a zamanin mawallafin yana yawo a ƙasashe da yawa na Asiya, amma yanzu dajin Gir da kewayensa, a jihar Gujarat, nan ne kaɗai ya rage masa.

Babi na farko shi ne mafi tsawo, shi ne kuma tushen gardamar da muka ambata. Wani falke yana tafiya da shanunsa, sai wani bajimi mai suna Sanjibaka ya karye kusa da kogin Yamuna, aka bar shi a daji. Ya sami ciyawa da ruwa, ya warke, ya yi ƙiba, ya shiga ruri. Zaki Pingalaka, sarkin dajin, bai taɓa jin irin wannan murya ba, tsoro ya kama shi, amma ya ɓoye. Akwai diloli biyu, Karataka da Damanaka, 'ya'yan wani waziri da aka tuɓe. Karataka mai gudun shisshigi ne, Damanaka kuwa mai neman girma ko ta halin ƙaƙa. Damanaka ya gane sarki a tsorace yake, ya je ya jawo bajimin ya haɗa su. Sai zaki da bajimi suka ƙulla abuta har zaki ya bar farauta, ya manta da wanda ya haɗa su, yunwa ta kama fadawa. Damanaka ya ga ya haƙa rijiya wani yana shan ruwa. Ya je wurin zaki ya ce bajimi yana neman sarauta, ya koma wurin bajimi ya ce zaki yana shirin cinye shi, ya gaya wa kowannensu alamun da zai gani a jikin ɗan'uwansa. Da suka haɗu, kowa ya zo da tsoro, kowa kuwa ya ga alamar da aka gaya masa. Suka kama faɗa, zaki ya kashe abokinsa. Ya zauna yana nadama, Damanaka ya zo ya lallashe shi da maganganun hikima, ya kuma sami wazircin da yake nema.

Nan babin ya ƙare a littafin Hindu. Ba a hukunta maƙiri ba, marar laifi kuwa ya mutu. Dalili shi ne littafin na wani fanni ne da mutanen Hindu suke kira niti, watau sanin zaman duniya da dabarun mulki. Malamin yana shirya 'ya'yan sarki ne don fadar da za su tarar, inda mai daɗin baki yakan ci nasara in sarki ya saurari kunne ɗaya. Da ya hukunta dila a ƙarshe, da yaran sun kwanta da zaton gaskiya takan tsare kanta. Da ya bar shi ya ci riba, sai ya aza nauyin a kansu, su ne za su bincika kafin su zartar.

Yanzu sai mu bi littafin zuwa Farisa. Kisra Anushirwan ya yi sarauta daga 531 zuwa 579, ya kuwa shahara da son ilmi. Yana da likita wai shi Barzawaihi, wanda ya aika ƙasar Hindu. Firdausi, babban mawaƙin Farisa, ya ba da labarin tafiyar cikin littafinsa Shahnama. Wai likitan ya karanta cewa a duwatsun Hindu akwai wani tsiro mai ta da matacce. Ya yi ta hawan duwatsu yana haɗa magunguna, babu gawar da ta motsa. Daga bisani wani tsohon malami ya warware masa: duwatsun su ne ilmi, matattu su ne jahilai, tsiron kuwa littafi ne da ke taskar sarki. Aka yardar masa ya karanta, amma ban da kwafa. Sai ya riƙa haddace babi guda kowace rana, in ya koma masauki ya rubuta. Ko labarin nan haka ya faru ko an yi masa ado, abin da ya tabbata shi ne kafin shekara ta 570 an juya littafin zuwa Fahlawi, harshen Farisa na wancan zamani. Barzawaihi ya ƙara masa labaru uku daga Mahabarata, babbar waƙar tarihi ta Hindu. Sunayen diloli suka koma Kalilag da Damnag. Wajen shekara ta 570 wani malamin Kirista mai suna Bud ya juya shi daga Fahlawi zuwa Suriyanci.

Bayan shekara wajen ɗari da tamanin littafin ya faɗa hannun wanda ya fi kowa ɗaukaka shi, Abdullahi ɗan Muƙaffa. Mutumin Farisa ne, sunansa na yanka Ruzbih, an haife shi wajen 720, ya musulunta, ya yi aikin magatakarda a Basra. Wajen shekara ta 750, lokacin da Abbasiyawa suka karɓi mulki, ya juya littafin zuwa Larabci, ya kira shi Kalila wa Dimna. Larabcinsa ya yi kyau har ya zama abin koyi ga masu rubutun zube, har yau kuwa ana karanta shi a makarantun ƙasashen Larabawa. A wannan kwafi mai ba da labari shi ne Baidaba, mai sauraro kuwa Sarki Dabshalim. Dabbobi ma sun sake a hanya: kada ya koma kunkurun ruwa, malamin Hindu na babi na biyar ya koma mai zuhudu.

Amma babban abin da ɗan Muƙaffa ya yi shi ne ƙarin wani babi wanda babu shi a asalin Hindu, watau babin binciken al'amarin Dimna. A ciki, damisa tana wucewa da dare sai ta ji Kalila yana zagin Dimna a kan abin da ya aikata. Ta gaya wa uwar zaki, uwar zaki ta matsa wa ɗanta, aka kama Dimna aka kai shi gaban alƙali. Ya yi ta kare kansa da fasahar baki, kwana da kwanaki ba a iya ka da shi ba. Kalila ya mutu don baƙin ciki. Daga ƙarshe damisa ta ba da shaida, wata dabba da ke tsare a kurkuku, wadda ta ji Dimna yana faɗin laifinsa, ta zama shaida ta biyu, aka kashe shi. Kun ga, mutumin da ya zauna cikin jama'a masu alƙalai da shaidu bai iya barin maƙiri ya tafi da riba ba. Ya kuma san wa yake rubuta wa. Yana gaya wa sababbin masu mulki ne cewa jinin da aka zubar bisa tsegumi yana da haƙƙi, sai an bi shi.

Abin tausayi, shi kansa bai sami shari'ar da ya yi wa bajimi ba. A shekara ta 754 Abdullahi ɗan Ali, baffan Halifa Mansur, ya yi tawaye, aka ci shi da yaƙi, ya gudu Basra wurin 'yan'uwansa. Ɗan Muƙaffa yana yi wa gidansu aiki, aka sa shi ya rubuta takardar amana wadda Halifa zai sa wa hannu. Marubutan tarihi sun ce ya ɗaure takardar da sharuɗɗa masu tsanani har Halifa ya fusata. Hakimin Basra, Sufyanu ɗan Mu'awiya, wanda dama yana riƙe da shi a zuci, ya sami ƙofa, ya kashe shi wajen shekara ta 757, bai ko cika shekara arba'in ba. Mutumin da ya fi kowa bayyana haɗarin zama kusa da zaki, a bakin zaki ya ƙare.

Daga Larabcin nan ne littafin ya watsu. Abanul Lahiƙi ya mai da shi waƙa a Bagadaza don gidan Barmakawa. A ƙarni na 10 Rudaki ya waƙe shi da Farisanci. Wajen 1080 Simiyon Set ya juya shi zuwa harshen Girka. A 1251 aka juya shi zuwa harshen Sifen bisa umurnin Yarima Alfonso, wanda ya hau gadon sarauta shekara guda bayan haka. Wani malamin Yahudawa, Yowel, ya sa shi cikin Ibrananci, Yohanna na Kapuwa ya ɗauko daga nan ya mai da shi Latin a ƙarni na 13, daga Latin ya shiga Jamusanci da Italiyanci, a 1570 kuma Tomas Nos ya fitar da shi da Ingilishi. A 1678 La Fonten, mawaƙin Faransa, ya faɗa da bakinsa cewa da yawa daga sababbin labarunsa bashi ne daga wani mai hikima na Hindu, Pilpai, wanda ba kowa ba ne sai Baidaba da sunansa ya lanƙwashe a hanya.

Wani abin mamaki kuma, littafin ya koma gida da baƙuwar riga. A ƙarshen ƙarni na 15 Husaini Wa'iz Kashifi na Herat ya sake rubuta shi da Farisanci mai ado, ya kira shi Anwari Suhaili. Sarki Akbar na Hindu ya ga adon ya yi yawa, ya sa wazirinsa Abul Fadli ya sauƙaƙa shi, aka gama a 1588. Daga baya Ingilishi masu shirin aikin mulki a Hindu da Anwari Suhaili suke koyon Farisanci. A cikin wannan tsawon zamani mutanen Hindu ba su bar nasu asalin ba: wani malamin addinin Jain, Purnabadara, ya sake shirya shi a 1199, a Bengal kuma aka fitar da wani reshe nasa mai suna Hitopadesha.

Yaya aka san duk waɗannan rassa daga saiwa ɗaya suke? Tun wajen 1030 Albiruni, wanda ya koyi Sansikirit ya rubuta littafi a kan Hindu, ya gane Pancatantara ita ce Kalila wa Dimna, ya yi fatan ya sake fassara ta, don yana ganin an yi ƙari a hanya. Kwafin Fahlawi ya ɓace, ba a same shi ba har yau. Amma a 1859 wani Bajamushe, Tiyodo Benfai, ya bi sawun labarun ƙasa ƙasa, a 1870 kuma aka tsinci kwafin Suriyancin nan na Bud a wani gidan ibada a Mardin, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, aka buga shi a 1876. Da aka duba sai aka ga babu shari'ar Dimna a ciki, wannan ya ƙarfafa cewa ƙarin ɗan Muƙaffa ce. A 1914 Yohanas Hartal ya ƙidaya kwafi iri iri fiye da 200 cikin harsuna fiye da 50.

Mu ma muna da rabo cikin wannan gado. Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939, masu bincike kuwa sun nuna Kalila wa Dimna yana cikin littattafan da ya ɗebo labaru daga gare su. Akun nan da ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare yana da kaka a ƙasar Hindu, cikin wani littafin Sansikirit da ake kira Shukasaptati, watau labaru saba'in na aku, wanda Nahshabi ya mai da shi Farisanci wajen 1330. Amma wa zai karanta Magana Jari Ce ya ce baƙo ne? An sa masa rawani da babbar riga, an zaunar da shi a fadar Hausa, kamar yadda Barzawaihi da ɗan Muƙaffa suka yi a nasu zamani. Littafin Hindu ya rayu ne domin a kowace ƙasa an sami wanda ya ƙware a harshen baƙi, ya kuma ƙware a nasa, ya ɗauki wahalar haɗa su. Ku da kuke koyon Ingilishi da Larabci, wannan aiki yana jiranku, amma ba zai yiwu ga wanda ya raina harshen uwarsa ba.

Saura gardamar ƙarshen labari. Wa ya fi gaskiya, malamin Hindu da ya bar Damanaka ya zama waziri, ko magatakardan Basra da ya kai Dimna gaban alƙali? A ganinmu kowannensu ya faɗi rabi. Na farko ya faɗi abin da yakan faru in aka yi sakaci, na biyu ya faɗi abin da ya wajaba a yi in ya faru. Ku lura kuma, ko a babin ɗan Muƙaffa gaskiya ba ta fito da kanta ba, sai da damisa ta daure ta buɗe baki, sai da uwar zaki ta ƙi yin shiru, duk da haka bajimi bai dawo ba. Waɗansunku za su zama malamai, waɗansu akawuna, waɗansu alƙalai ko hakimai. Wata rana wani zai shigo muku a asirce, ya rage murya, ya ce wane yana shirya muku sharri, ya ma gaya muku alamar da za ku gani. A ran nan ku tuna da zaki, ku kira wanda aka ambata ku ji ta bakinsa kafin ku ɗaga hannu. In kuwa ku ne kuka ji abin da damisa ta ji, kada ku bari sai an nemi shaida an rasa. Allah ya sa mu dace, amin.